Turke na Tara

Da yamma lis, rana ta yi ja ta kusa faɗuwa, Farfesa ya rataya kyamara a wuya, ya cusa 'yar lasifika a aljihun riga, ya zura takalmin roba, ya kama hanyar fadama. Aikin minti goma zai yi, in ji shi, ya dawo kafin shayinsa ya huce.

Ba farfesa ba ne. Digiri ɗaya gare shi a ilimin dabbobi, shi ma da ƙyar da jiɓin goshi, amma tun ranar da ya karɓo takardar babu wanda ya ƙara kai ƙarshen magana a gabansa ba tare da ya sha gyara ba. Dangi suka laƙaba masa sunan don shaƙiyanci. Gogan naka kuwa ya ɗauka girmamawa ce, har da gyaran murya yake amsawa.

Filin na gwaggonsa ne, ƙanwar mahaifinsa. Daji ne mai faɗi, da 'yar kurmi a tsakiya, da fadama a can ƙasa. Shekara talatin da ɗaya ke nan ita da mijinta marigayi suka bar shi ga namun daji, ba noma, ba kiwo, ba farauta. Suka kafa turaku goma sha biyu masu lamba a kewayen filin. Duk shekara idan sanyi ya janye, itatuwa suka fara toho, sai ta riƙa bin turakun safe da yamma. A kowanne za ta tsaya minti goma, ta rubuta abin da ta gani da abin da ta ji: ranar da furen fari ya buɗe, ranar da tsattsewa ta dawo, ranar da kwaɗi suka fara kuka.

Yanzu ga masu haƙar yashi sun sa wa fadamar ido. Hanya ɗaya ta rage a hana su: hukuma ta sa filin cikin wuraren da aka keɓe. Hakan kuwa ba zai yiwu ba sai an tabbatar wani ɗan tsuntsu da ya kusa ƙarewa a duniya yana sheƙa a wurin. Gwaggo tana kiransa Mai Kunya, domin ba ya fitowa daga cikin kacala, doguwar ciyawar nan ta bakin ruwa. Ta sha jin kukansa, ta gan shi sau huɗu a rayuwarta. Jami'in hukuma zai zo jibi da safe ya ji da kunnensa.

Wannan ne ya kawo Farfesa daga birni. Babu wanda ya gayyace shi.

Da la'asar ɗin nan ya zauna a baranda yana bincika littattafan Gwaggo, yana taɓe baki kamar wanda aka ba shi tsami.

"Gwaggo, wannan ai ba bincike ba ne, tatsuniya ce. Wai 'na ji shi daga hagu.' Ina hoto? Ina ɗaukar murya? Wa zai karɓi wannan a ofis?"

"Jami'in ai kunne gare shi," in ji Gwaggo tana zuba masa shayi. "Zai tsaya yadda nake tsayawa, zai ji yadda nake ji."

"In kuma tsuntsun bai ga damar kuka ba ranar fa? Shi ke nan, mun tashi a banza?" Ya ciro lasifikar ya kaɗa ta a gaban fuskarta. "Ki ga yadda ake aiki a zamanin nan. Na sauko da kukansa a waya. In na kunna, zai zaci wani namiji ne ya shigo masa gida, ya fito da fushi, ni kuma in ɗauke shi hoto. Minti goma."

Gwaggo ta ajiye butar shayin a hankali.

"A ina za ka kunna?"

"Inda yake mana. Turke na tara."

"Farfesa," ta ce, muryarta ta yi ƙasa, "a turke na tara ba a magana. Ba a fito, ba a tari, ba a kwaikwayon kukan komai. Ko makullaina a na takwas nake rataye su kada su yi ƙara. Wurin da masu shi. Sun bar mu mu saurara, ba su ce mu sa baki ba."

Ya tuntsire da dariya har shayin ya fantsalo masa a wando.

"Masu shi! Suna da takardar filin ne? Gwaggo, ke fa tsohuwar malamar makaranta ce. Ina laifin a bar wa jahilai wannan?"

"Kawunka, mijina, ya taɓa yin fito a wurin. Ka san yadda ya ƙare."

"Likita ya ce jijiya ce ta toshe masa a kai, shi ya sa maganarsa ta ɗauke. Ni na karanta takardar asibitin da idona."

 Gwaggo ta dube shi irin duban da ake yi wa tulun da aka san ya tsage, ta kwashe kofuna ta shige ciki. Shi kuma ya ɗauka ya ci gardama.

To ga shi yanzu a kan hanya, yana tafe yana tsaki.

Gaskiya dajin ya yi kyau, ko da yake an yi asarar kyan a kansa. Ruwan da aka yi kwana uku baya ya tayar da komai. Ƙananan furanni rawaya sun rufe gefen hanya, shuɗɗa sun leƙo daga gindin duwatsu, ƙudan zuma na ta kai da kawo a kansu kafin duhu ya kore su. A turke na uku zomo ya tsaya da kunnuwa a miƙe, ya dube shi, ya yi tsalle ya shige. A na biyar bushiya ta ratsa hanya da 'ya'yanta biyu, ko a jikinta. Ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa da na sabon ganye ya cika iska. Farfesa bai tsaya ko'ina ba. Duk waɗannan ya san sunayensu na boko, kuma a wurinsa abin da ka san sunansa ka gama da shi.

A turke na takwas ya ga ƙusar da Gwaggo ke rataye makullanta, ta yi santsi don yawan amfani. Ya ɗalle ta da yatsa.

"Tsofaffi ke nan," ya ce, ya wuce.

Daga nan hanya ta gangara. Ƙasa ta fara laushi, takalminsa na cakal-cakal. Kacala ta tashi dama da hagu, ta fi shi tsawo. Turke na tara yana tsaye a kan wani ɗan tudu a bakin ruwa, fentin lambarsa ya koɗe. Fararen furannin bado sun fara rufewa a kan ruwan, kamar yadda suke yi in rana ta yi ƙasa.

Wurin cike yake da kuka. Kwaɗi, gyare, kurciya a can nesa, zalɓe yana taka ruwa a hankali. Iska na kaɗa kacala tana shuu.

Ya ɗora lasifikar a kan turken. Ya gyara kyamara. Ya danna waya.

Maɓallin ya yi ƙas, sannan kukan ya fito: gajere biyu, dogo ɗaya. A bayan kukan ana ɗan jin wucewar wata mota, domin wanda ya ɗauki muryar a kusa da titi ya ɗauka, a wata ƙasa can. Ya kashe. Ya jira.

Daga cikin kacala aka amsa. Gajere biyu, dogo ɗaya.

Farfesa ya washe baki. Da ma Gwaggo na nan ta gani. Ya sake dannawa, ya kashe, ya ɗaga kyamara.

Aka sake amsawa, kusa wannan karon. Sai dai kafin kukan, an yi ƙas. Bayan kukan kuma, mota ta wuce.

Ya dubi wayarsa. A kashe take. Ya dubi lasifikar. Fitilarta ba ta ci.

Babu titi a kusa da fadamar nan. Tafiyar awa guda ce kafin ka ga kwalta.

Kan wani karan kacala ya motsa. Ɗan tsuntsu ya haura, ruwan ƙasa, da farin maƙogwaro, bai fi babban yatsa biyu ba. Mai Kunya ne, a fili, taku biyar daga gabansa. Ya kumbura wuya, ya buɗe baki, jikinsa duka na rawa don ƙoƙari.

Babu abin da ya fito.

Ya sake buɗewa. Ya sake. Sai ya faɗa cikin ciyawa, ya ɓace. Farfesa bai ma tuna da kyamarar da ke hannunsa ba.

Kwaɗi suka yi kuka. Daga cikin kacala aka maimaita kukan, sak, sau ɗaya. Kwaɗin suka yi tsit.

Kurciya ta yi kuka. Aka maimaita. Ta yi tsit.

Gyare. Aka maimaita.

Ɗaya bayan ɗaya ake ɗauke su, kamar mai kwashe shanya kafin ruwa. Iska ba ta daina kaɗa kacala ba, yana ganin ciyawar na lanƙwasa, amma shuu ɗin ya tafi. Zalɓen ya buɗe fukafukai ya tashi ba tare da ko fat ba.

Wani wari ya taso. Ba na laka ba ne. Irin warin tsohuwar rijiya ne da aka daɗe da rufewa aka buɗe yau.

Ya dubi ruwan. Furannin badon da suka rufe ɗazu duk sun buɗe. Dukansu shi suke fuskanta.

Ya ja da baya. Takalminsa ya yi cakal. A bayansa aka yi cakal. Ya ƙara taku, wannan karon ƙafarsa ta shiga laka ta fito shiru.

Sai aka yi fito. Fiton mutum, mai ɗan karkarwa a ƙarshe. Ya san fiton nan. Da shi kawu yake kiran karensa lokacin Farfesa yana yaro.

"Wane ne nan?"

Muryar kawu ce. Shekara shida da binne shi, shekara goma sha ɗaya rabon da wani ya ji muryar nan.

"Wane ne nan?"

Ba ta tashi, ba ta sauka. Yadda aka faɗa da farko haka aka maimaita, har da ɗan numfashin da ke tsakani.

Amsa ta taho masa har bakin leɓe. Mutumin da bai taɓa barin tambaya ta wuce shi ba tun da aka haife shi. Ya danne bakinsa da tafin hannu biyu, ya shiga addu'a a zuci, duk wadda ta zo masa, a hargitse.

Ya juya ya ruga.

Hanyar ba ta nan. Kacala ce ta ko'ina, gaba da baya. Ya kutsa, ganyen na yankar masa fuska. Ruwa ya kai idon sawu. Ya kai gwiwa. Ya juya wani gefen, ya ƙara nutsewa. Takalmi ɗaya ya zauna a cikin laka. Rana ta faɗi, sauran ɗan ja-ja a sama, kuma bai san ta ina gida yake ba.

Ba ya jin numfashinsa. Yana jin sa a bayan kunnensa, wani na yi masa.

"Wane ne nan?"

Wani abu mai sanyi ya shafi ƙeyarsa. A hankali, kamar ana laluben inda murya take fitowa. Ya zagayo ta gefen wuya. Ya tsaya a maƙogwaro.

Can daga sama, ta hagu, aka buga ƙarfe. Kwal, kwal, kwal. Makullai ne ake bugawa a jikin turke. Gwaggo ta biyo shi.

Ya juya wajen. Aka maimaita kwal ɗin a dama, a gaba, a baya. Na hagun ya ɗauke.

Shiru.

Ruwa ya kai masa ƙugu.

Sannan ya ji ta. Matar da ta yi shekara talatin da ɗaya ba ta ko yi tari a wurin nan ba.

"Nan! Nan, ɗana! Biyo muryata!"

Sanyin ya saki wuyansa. Ya ji kacala na buɗewa, abu na wucewa ta gefensa, ya nufi tudu.

"Nan, ɗana! Kada ka amsa! Taho kawai!"

Ya fizgi ƙafa ya nufi muryar. Taku uku, huɗu. Sai muryar ta rabu biyu.

"Nan, ɗana!" daga hagu.

"Nan, ɗana!" daga dama.

Ta daman tana da ƙarfi, garau, kusa. Ta hagun ta fara dishewa, tana haki, tana tsinkewa a tsakiyar kalma. Duk kiran da ta hagun ta yi, sai ta daman ta ƙara kauri.

Ko Farfesa, da duk wautarsa, ya gane wace ce ke ƙarewa.

Ya bi mai rauni. Da hannu da gwiwa, yana cin laka, yana jan kacala.

"Nan... ɗa..."

"Nan..."

Daga nan babu. Sai ta daman kaɗai, tana kira da fara'a.

Ya miƙa hannu cikin duhu inda kiran ƙarshe ya fito. Wani hannu busasshe, mai ɗumi, ya cafke wuyan rigarsa ya finciko shi kan tudu. Gwaggo ce, zanenta jiƙe har gwiwa. Bakinta na buɗewa yana rufewa, jijiyoyin wuyanta sun tashi. Har yanzu kiransa take yi.

Ba ta sake shi ba sai da suka wuce turke na takwas. A nan ya ji ƙafarsa ta taka busasshen ganye, ganyen ya yi ƙara. Ya zube a ƙasa ya fashe da kuka, da murya, lafiya lau. Tasa muryar ko ƙwarzane ba ta yi ba.

Jami'in hukuma ya zo ranar da ya ce, mutum mai haƙuri da farin gashi da ƙaramin littafi. Ya bi turakun yadda ake bi. A na tara ya yi minti goma, ya ƙara goma don kara. Kwaɗi na nan a bakin ruwa, maƙogwaronsu na kumbura yana saɓewa, amma ko ƙit. A gindin kacala suka ga 'yar sheƙa da ƙwai uku, sun yi sanyi. Macen ta tafi, tunda namijin ya daina kiranta.

Da suka dawo baranda Farfesa ya buɗe baki ya fara bayani: sauyin yanayi, matsin iska, halayyar tsuntsaye a lokacin sheƙa. Kyamara ta nutse, lasifika ta ɓata, amma shi da idonsa ya ga tsuntsun, kuma shi masani ne a fannin. Jami'in ya bar shi ya yi ta zuba har ya gaji, sannan ya juya ga Gwaggo.

"Mama, ƙwan nan na iya zama na tsuntsu iri biyar. Amma littattafanki sun burge ni. Ki yi mini abu ɗaya. Ki kwaikwayi kukansa yadda kike jinsa a nan, domin na kowane yanki da ɗan bambancinsa, kuma wanda bai ji da kunnensa ba ba zai iya ba. In ya yi daidai, zan rubuta a ba ku shekara guda a sake dubawa."

Gwaggo ta gyara zama. Ta jiƙa leɓe. Ta tattara bakinta, ta hura.

Iska kawai.

Ta sake gwadawa, har idonta ya kawo ruwa. Farfesa ya yi caraf ya ce shi zai yi, ya yi gajere biyu da dogo ɗaya, irin na wayarsa.

"Wannan na ƙasar waje ne," in ji jami'in. "Kowa na da shi a waya." Ya rufe littafinsa, ya ba Gwaggo haƙuri, ya yi mata fatan samun sauƙi.

Kafin furannin rawaya su zube, motocin yashi sun iso. Sun fara daga turke na goma sha biyu suna tahowa. Likita ya duba Gwaggo ya ce jijiya ce, ya rubuta magani. Farfesa bai karanta takardar ba.

Bai koma birni ba. Shi ke dafa mata shayi yanzu, shi ke kai ta asibiti, kuma an ce ya rage gyara wa mutane magana, ko da yake ba duka ba, hali ai ba riga ba ne. Sau uku yana durƙusawa a gabanta yana neman gafara. Duk sau ukun ta dube shi daga sama har ƙasa, ta mayar da idonta kan kurar motoci.

Da yamma, in direbobi sun kashe injuna sun tafi, su biyu sukan zauna a baranda, kujera da kujera. Daga can ƙasa, inda sauran kacala ta rage, sai muryar ta taso, garau, da ƙarfinta, cike da tsoro da ƙauna.

"Nan, ɗana! Nan!"

Gwaggo na gefensa, bakinta a rufe, tana kurɓar shayi. Ko kallonsa ba ta yi.